Makonka na Takarda ko Makin Kamfani: Wanne Za Ka Riƙe?

Da wuya mai mako, wato wanda ya sayi mako ɗaya na kowace shekara, a masaukan hutu na Orlando ta jihar Florida ya sauke jakarsa bai samu wannan kiran ba. Wayar ɗaki ta yi ƙara, murya mai laushi ta yi masa sannu da zuwa, ta gayyace shi karin kumallo gobe da safe. Wai za a sanar da masu mallaka sababbin abubuwa ne, minti 90 kacal, ga kyautar tikitin wurin wasan yara. In ya je, zancen bai wuce ɗaya ba: makonka ya tsufa, duniya ta koma maki, kawo takardarka mu sauya maka. 'Yan uwanmu da ke zaune a Amurka, da masu zuwa da iyali daga gida lokacin dogon hutu, da dama sun zauna a kan wannan tebur. Akwai waɗanda suka sa hannu suka ji daɗi, akwai waɗanda har yau suke cizon yatsa, kuma in ka bincika za ka tarar ba abu ɗaya aka sayar musu ba, ko da yake da suna ɗaya aka kira shi.

Ga wanda bai san harkar ba, abin da Turawa ke kira taimshiya mallakar karɓa-karɓa ce. Ɗaki ɗaya ne a masauki, an yanka shekararsa mako-mako, kowa ya sayi nasa. A tsohon tsari kana samun takardar mallaka mai rajista a ofishin gunduma, tamkar ta gida. Kana iya sayarwa, ka ba da haya, ka yi kyauta, magada su gada. Wani makon tsayayye ne, misali mako na 27 a ɗaki kaza kowace shekara. Wani kuma mai yawo ne a cikin zango, sai ka kira ka kama ranar da kake so. Shi kuwa maki kuɗin cikin gida ne na kamfani. Duk shekara a zuba maka adadinka, kai kuma ka kashe a kan jadawalin farashi: daren Juma'a da Asabar sun fi tsada, ɗaki mai kallon teku ya fi mai kallon wurin ajiye motoci, makon Kirsimeti ya ninka na Satumba.

Tsarin maki ba sabo ba ne. Kamfanin Hapimag na Suwizalan, wanda aka kafa a 1963, da maki ya yi suna. A Amurka, Disney ya buɗe nasa kulob ɗin da maki a 1991, RCI mai harkar musayar makonni ya fito da makinsa a 2000, shi kuwa Marriott, wanda ya shafe shekaru tun 1984 yana sayar da makonni, bai juya ba sai a watan Yunin 2010. Dalilin juyawar ba ɓoyayye ba ne. Makon Satumba a Florida, lokacin zafi da guguwa, yara kuma sun koma makaranta, ba mai rububinsa. Amma in aka narkar da shi ya zama maki, sai a sayar da kowane maki da farashi ɗaya da na Kirsimeti. Sannan babu abokin ciniki mai sauƙin kamu kamar wanda ya riga ya saya, yana kwance a ɗakinka, ka san lambar wayarsa.

Abin da ake nufi da “sauyawa”

Kalmar ɗaya ce, cinikin uku ne, kuma a nan yawancin mutane ke zamewa.

Na farko rajista ce kawai. Takardarka tana hannunka, sunanka na nan a ofishin gunduma. Ka biya kuɗin shiga sau ɗaya da kuɗin kulob na shekara, sai ka sami zaɓi: bana in ka ga dama ka shiga makonka, in ka ga dama ka miƙa shi na shekarar nan kaɗai a ba ka maki. Haka Marriott ya yi wa tsofaffin masu makonninsa a 2010. Makin RCI ma ya yi kama da wannan, sai dai da wata ƙaya: takardar tana wurinka, amma muddin kana cikin tsarin, makon yana shiga rumbunsu kai tsaye, kuma in kana son makonka na asali sai ka kama shi tun da saura wata 13 zuwa 12. Ka yi sakaci, wani ya kwana a ɗakinka.

Na biyu miƙa takarda ne. Makonka ya shiga asusun amana da kamfani ya kafa, inda aka tara dubban makonni daga masaukai daban-daban, kai kuma a ba ka kaso a cikin asusun. Irin wannan rumbu ne tarin makonnin da Diamond Resorts ya gina, da Club Wyndham Access, da asusun amanar Marriott da ake sayar da makinsa. A wasu wuraren kason ma yana da takarda mai rajista, don haka mai talla bai yi ƙarya ba in ya ce “har yanzu kana da takarda”. Sai dai takardar ba ta ɗaki kaza a mako kaza ba ce. Kuma hanyar ba ta da komawa baya. In makon ya shiga, ya shiga.

Na uku shi ne inda kuɗin yake: ko wanne daga cikin biyun, amma da sharaɗin sai ka sayi sabon maki daga kamfani. An fi ɗora wannan a kan wanda ya sayi makonsa na hannu, daga wani mai mallaka. A Marriott, alal misali, makon da aka saya na hannu bayan Yunin 2010 ba ya shiga rajista haka kawai. Ƙofar takan buɗe ne in za ka haɗa da sayen maki. Wanda ya sayi mako da araha a kasuwa sai ya tarar kuɗin shigar da shi ya ninka kuɗin makon sau da yawa.

Saboda haka tambayar farko a kan teburin nan, kafin shayin ya huce, ita ce: bayan na sa hannu, sunan wa zai kasance a kan takardar ɗakina?

Tabbas da walwala

Abin da mako tsayayye ke bayarwa tabbas ne. Mai mako na 52 a Park City ko Breckenridge, garuruwan wasan ƙanƙara na Amurka, lokacin da ƙanƙara ta sauka kowa ke son zuwa, ba ya kiran kowa, ba ya gasa da kowa. Ranar ta zo ya ɗauki mabuɗi. In ba zai je ba ya ba da haya, kuma irin wannan makon hayarsa takan rufe kuɗin shekara har a sami canji. Mai maki kuwa yana da izinin nema ne. Ranar da aka buɗe rajistar kwanakin da yake so, shi da dubban mutane ne za su zauna gaban kwamfuta da sassafe. Jadawalin ya nuna masa Hawayi da Aruba, amma jadawali ba ya cewa akwai ɗaki. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, in dai ƙwan mai kyau ne.

In dai mai kyau ne, na ce, domin ba kowane mako ne abin riƙewa ba. Kuma walwalar maki gaskiya ce, ba zan rage mata komai ba. Kana iya yin kwana 3 maimakon 7. Kana iya ɗaukar ƙaramin ɗaki ka daɗe, ko ka tara makin bana da na baɗi ka ɗauki mai ɗakuna uku shekarar da su Hajiya za su zo. Kana iya aro daga shekara mai zuwa. Ga mu Musulmi ma akwai wani abu da mai tallan bai sani ba balle ya faɗa: Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara. Makon da ya dace da hutun iyali yau, wata rana azumi zai faɗo a kansa, ya kuma yi shekara biyu ko uku yana faɗowa. Mako tsayayye ba ya bin wata. Maki yana bi.

Amma kafin ka biya kuɗin wannan walwala, duba wadda kake da ita. Tun 1974 RCI ke musayar makonni, Interval International kuma tun 1976. Mai mako yana iya ajiye makonsa a wurinsu ya ɗauki wani a wata ƙasa, da kuɗin musaya. In ɗakinka irin mai ƙofa a tsakiya ne, wanda ake rabawa biyu, kana iya shiga rabi ka ajiye rabi, ko ka ajiye duka ka sami mako biyu daga ɗaya. Masu wannan dabara sukan ci ribar da maki ba zai ba su ba. Aibinta jira ne da rashin tabbas, kuma kusan kullum mako cikakke ne.

Lissafin da ba a yi a kan allo

Ka roƙi jadawalin maki, ka nemo makonka da kanka, ka ga nawa ake caji kafin a shiga shi. Sannan ka dubi nawa za a ba ka in ka miƙa shi. Sau da yawa na biyun bai kai na farkon ba. Mu ƙaddara an ce makonka maki 2,000 ne, amma kama wannan makon da maki yana cin 2,150. Ka ba da kwana 7, abin da aka ba ka bai sayi kwana 7 a ɗakinka ba. A tsarin rajista wannan ba babbar asara ba ce, tunda shekarar da kake son ɗakinka sai ka ƙi miƙawa. A tsarin miƙa takarda kuwa giɓin ya zauna har abada, kuma shi ne ƙofar da za a biyo a ce maka ka ƙaro maki kaɗan.

Sai kuɗin kula da gini, wanda shi ne ainihin nauyin wannan mallaka. A Amurka matsakaicinsa ya haura dala 1,000 a shekara, kuma hawa yake yi. A yawancin masaukan makonni, ɗakuna masu girma ɗaya kuɗinsu ɗaya ne, ko makonka na Kirsimeti ne ko na Satumba. A asusun amana kuwa a kan kowane maki ake caji, an haɗa kuɗin dukkan masaukan an raba. Ka ga abin da wannan ke haifarwa. Mai mako mai daraja yana samun maki mai yawa a kan kuɗin shekara kaɗan. In ya miƙa takarda ya koma biyan kuɗi a kan kowane maki, nauyinsa ya ƙaru. Mai mako marar daraja a masauki mai tsadar kula shi ne zai iya samun sauƙi, amma shi kuma makin da za a ba shi ba zai kai shi ko'ina ba sai ya ƙara saye. Kan wannan kuma a ɗora kuɗin kulob na shekara, da ƙananan caje-caje da wasu kamfanoni ke yi na kama ɗaki, na shara, na sa sunan baƙo.

Wuri ɗaya da asusun amana ya yi wa takarda fintinkau shi ne ranar masifa. Lokacin da guguwar Ian ta afka wa Fort Myers Beach da tsibirin Sanibel a Satumban 2022, masaukai da dama sun daɗe a rufe. Mai takarda a irin wannan wuri ba shi da ɗakin shiga, kuɗin shekara bai tsaya ba, kuma in inshora bai rufe gyara ba, shi da maƙwabtansa ne za su yi karo-karo na musamman. Mai kaso a rumbu mai masaukai da yawa sai ya nufi wani wurin, nauyin gyaran kuma ya watsu a kan jama'a masu yawa. In masaukinka tsoho ne, a bakin teku, asusun ajiyarsa ba ƙarfi, wannan hujja ce mai nauyi, kuma ban ga laifin wanda ya sauya saboda ita ba.

Sai maganar murya. Mai takarda mamba ne a ƙungiyar masu mallakar masaukin, yana da ƙuri'a wajen zaɓen shugabanninta. Na san yawancinmu ba ma buɗe wasiƙar zaɓen, balle mu jefa. Amma duk makon da ya shiga asusun amana, ƙuri'arsa ta koma hannun masu kula da asusun, waɗanda galibi ba su da nisa da kamfani. Dokokin kulob kuwa, irin su wata nawa kafin tafiya za ka kama ɗaki, da matakan girma na mambobi, da yadda ake raba maki tsakanin darare, kamfani na da ikon gyara su. Kamfanin kansa ma yakan sauya hannu: Marriott Vacations ya sayi uwar kamfanin Interval a 2018, Hilton Grand Vacations ya sayi Diamond a 2021 da Bluegreen a 2024. A 2022 sababbin tsare-tsare biyu suka fito, Abound na Marriott da HGV Max na Hilton Grand Vacations. Duk sabon tsari sabon dalili ne na wani karin kumallon.

Ranar rabuwa

Kowa na tunanin shiga, ba mai tunanin fita, alhali fitar ce ke nuna darajar abin da ka riƙe. Sabon taimshiya daga kamfani matsakaicin farashinsa ya haura dala 20,000, amma a kasuwar na hannu akwai makonnin da ake tallarsu a eBay da dala 1, mai su ma ya biya kuɗin canja suna don ya huta. Makonni masu daraja a manyan kamfanoni su ne ke riƙe wani abu. Maki kuwa yakan zube da ƙarfi, saboda gatan da ka biya kuɗi dominsa ba ya bin mai saye. Rajistar da ka yi wa makonka takan mutu ranar da ka sayar. Matakin girmanka ba ya tafiya da makin. Ko Disney, wanda makinsa ya fi na kowa riƙe farashi, tun Janairun 2019 ya taƙaita wa masu sayen na hannu wuraren da za su iya sauka. Wasu kamfanonin kuma sun tanadar wa kansu wani abu mai kama da shufu'a: in ka sami mai saye, su ne ke da haƙƙin fara karɓa a wannan farashin.

Kada kuma kalmar takarda ta ruɗe ka ta ɗaya ɓangaren. Takardun tsofaffin masaukan Disney suna ƙarewa ne a ƙarshen Janairun 2042. A Meziko yawanci haƙƙin amfani na wasu shekaru ake sayarwa. Wanda ya san labarin sukuk ɗin Hasumiyar Zamzam a Makka, inda aka sayar da haƙƙin sauka na shekara 24 ba ginin ba, ya riga ya san bambancin mallakar abu da mallakar amfaninsa. Karanta taka ka ga wacce ce.

Gado ma abin dubawa ne. Takardar ƙasa a Florida, mai ita kuma ya rasu yana zaune a Maryland ko Kano, takan buƙaci a bi ta kotun gado ta Florida daban, da kuɗin lauya. Kuma mako ɗaya ba ya rabuwa tsakanin magada bakwai. Maki ya fi sauƙin a yi amfani da shi tare. Sai dai ko wanne ne, abin da ake gada ya haɗa da kuɗin shekara. Magada na da damar ƙin karɓa in sun bi ƙa'ida a kan lokaci. Masu talla sukan tsorata dattawa da cewa takarda za ta zame wa 'ya'yansu ƙarfen ƙafa, maki ne mafita. Ba cinya ba ƙafar baya: makin ma da kuɗin shekararsa.

To, wa ya dace da me?

In makonka na lokacin rububi ne, kana shiga ko kana ba da haya, ra'ayina ka riƙe takardarka da hannu biyu. In an ba ka rajista zalla da kuɗi mai sauƙi, ba sharaɗin saye, kuma ka tabbata za ka yi amfani da makin ko da shekara ɗaya cikin uku ne, karɓa. Zaɓi ka ƙara, ba ka rasa komai ba sai kuɗin kulob. Wannan ne kaɗai nau'in sauyawar da zan ba ɗan uwana shawara ba tare da dogon tunani ba.

In makonka mai rauni ne, ka gaji da shi, a nan ne tarkon ya fi kama mutane, domin su ne suka fi jin daɗin zancen. Mu ƙaddara an ce ka kawo makon ka ƙara dala 18,000. Raba wannan a kan shekara 10: dala 1,800 ke nan duk shekara, kafin kuɗin kula da na kulob. Yanzu shiga RedWeek, shafin intanet na hayar makonni da sayar da su, ka ga nawa masu mallaka ke ba da hayar irin ɗakin da kake mafarki. Sau da yawa za ka tarar haya ta fi sauƙi, kuma shekarar da ba ka tafiya ba ka biyan ko sisi. Ka kuma duba nawa ake sayar da makin kamfanin nan a hannu, da abin da za ka rasa in ka saye shi ta can. Wani lokaci gatan da ake hana mai sayen na hannu bai taka kara ya karya ba. Shi kuwa raunannen makon, tambayi kamfanin ko ƙungiyar masaukin ko suna karɓar takarda a mayar musu. Wasu suna yi in ba bashi a kanta. Zuba sabon kuɗi don tsira daga tsohon kuskure shi ne gudun gara a faɗa gidan zago.

Ga wanda ke zaune a Najeriya ko Nijar, akwai ƙarin abu biyu. Mallakar mako ko maki ba ta ba da biza, kuma kuɗin shekara ba ya jiran ofishin jakadanci. Sannan da dala ake biya. Wanda yake sayen dala a kan naira 460 a farkon 2023 ya ga ta haura 1,500 a 2024. Kuɗin shekararsa ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa ko kwabo a takardar caji ba. Irin wannan mutum rage alƙawarin dala ya kamace shi. Bashin da kamfanonin ke bayarwa a kan teburin kuma mai ruwa ne, ruwan ma mai kauri, ya fi na bashin gida nesa ba kusa ba. Wanda ke gudun riba ya san matsayinsa tun kafin a kawo biro.

Duk abin da aka faɗa maka da baki, ka ce a nuna maka shi a rubuce, domin kwantiragin yakan ƙunshi layin da ke cewa ba ka dogara da maganar baki ba. Ba zargi nake yi ba gaira ba dalili: a ƙarshen 2016 ofishin Antoni-janar na jihar Arizona ya yi sulhu da Diamond Resorts kan ƙorafe-ƙorafen yadda ake talla, kamfanin ya biya dala 800,000. In an ce farashin na yau ne kaɗai, tashi ka tafi wurin wanka da yara. Baɗi ma za a kira ka.

In kuwa ka riga ka sa hannu a kan sayen sabon maki, doka ta ba ka 'yan kwanakin janyewa: 10 a Florida, 7 a Kalifoniya da Hawayi, 5 a Nevada da Karolina ta Kudu, 14 a ƙasashen Tarayyar Turai. Ba a janyewa ta waya, ba a kuma komawa wurin mai tallan, don zai sake zaunar da kai. Buɗe kwantiragin ka nemo shafin janyewa, ka rubuta gajeriyar wasiƙa da lambar kwantiragin da sa hannun duk wanda sunansa ke ciki, ka aika ta adireshin da aka rubuta a wurin ta gidan waya mai ba da rasit, ka adana rasit ɗin tare da kwafin wasiƙar.